Kanari a Kicin ɗin Auta

A bayan dogon benen akwai wata bishiya da ba wanda ya san wanda ya dasa ta. Ƙarƙashinta benci biyu ne, ɗaya ƙafarsa ta karye an tokare shi da bulo. Nan mutanen benen suke taruwa da safe kafin rana ta yi zafi, wai kallon tsuntsaye. Wai fa. Rabin zaman hirar famfon da ke yoyo ne, da wanda ya bar ƙofar ƙasa a buɗe, da jikan wance da ba ya cin abinci sai an kunna masa waya. Amma da wani abu ya yi kuka cikin ganye sai kowa ya yi tsit, a juya a dubi mutum ɗaya.

Baba Kunne ake ce masa. Tsohon bakanike ne, injinan masaƙa ya yi ta gyarawa har gashinsa ya yi fari, kuma tun a can aka laƙa masa sunan, don daga bakin ƙofa yakan tsaya ya ce injin can na ƙurya bel ɗinsa ya saki, a je a tarar haka ne. Da ya ajiye aiki kunnen bai ajiye ba, sai ya koma kan tsuntsaye. Malama ta hawa na uku ita ce ido, tana da madubin hangen nesa da ɗanta ya aiko mata, shi kuma shi ne kunne. Ita ta ce ga wani mai jan ƙirji, shi ya ce ga suda can bayan tanki tana zuba, kowa da ɓangarensa ba mai shiga na wani. Tela, wanda shagonsa ke ƙasan benen, yakan ce wannan ba baiwa ba ce, tsohuwar gulma ce ta rasa ƙofar da za ta laɓe. Baba Kunne ya ce masa gara shi, wani har yau bai iya bambanta hankaka da baƙar leda ba.

Har guruf suke da shi a waya, Malama ce ta buɗe ta sa masa suna 'Yan Reshe. Hoton tsuntsu ɗaya, hoton jikoki goma.

To, abin da mutanen benci ba su sani ba shi ne kunnen ya fara tafiya. Ba rana ɗaya ya tafi ba, a hankali ya yi ta zarewa, kuma ta sama ya fara. Masu siririyar murya su ne suka soma ɓacewa, gwara da kanari da ire-irensu. Kurciya da hankaka suna nan, muryar mutane ma tana nan in ba a yi hayaniya ba. Shi kansa bai farga ba sai wata safiya da suka rage su biyu da Tela, ya ɗaga kai ya ce bana tsattsewa sun zo da kunya, ko ƙus ba sa yi. Tela ya dube shi ya dubi sama. Suna nan birjik suna shawagi a kan rufin, suna tsala ihu har suna hana mutum jin rediyo. Tela mai bakin da ba ya rufuwa, ranar bai ce komai ba, kuma wannan shirun ne ya gaya wa Baba Kunne komai.

A benci abin bai yi wuya ba. Ya san wanda ke zuwa bishiyar a kowane lokaci, ya san reshen kowa, in ya ga kawuna sun juya wani gefe sai ya jefa suna, yawanci ya dace. In bai dace ba ya ce ai wancan ya riga ya tashi. Ba mutanen benci ne damuwarsa ba. Damuwarsa Auta.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, kuma ita ce ta yi nisa. Tana aiki a wani babban kantin magani a wani gari da sai an wuni a mota kafin a kai. Lokacin da mahaifiyarta ke da rai, su biyu sukan kwashe tsawon lokaci a waya, su yi ta hira har wayar ta yi zafi, daga ƙarshe uwar ta miƙo masa ta ce ga 'yarka. Ya karɓa ya ce lafiya, ya aiki, to madalla, Allah ya yi albarka, ga mamanki. Iyakarta ke nan, kuma ba wanda ya ga aibu, don duk abin da Auta ta faɗa zai ji shi daga baya a bakin uwar, har da ƙari. Da uwar ta rasu sai suka tarar ba su san yadda ake yi ba. Ta kira, ya ce lafiya, ya aiki, to madalla, sai su tsaya kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, babu wadda za a miƙa wa wayar. Yana son yarinyar nan kamar ransa, yana kewarta har abinci ya fita kansa, amma in ya buɗe baki sai ya ji ya cika da tambayar kuɗin mota da lafiyar hanya.

Wata rana, bayan rasuwar da 'yan watanni, saƙon murya ya shigo. Ba magana a ciki, kukan tsuntsu ne kawai da ƙarar motoci daga nesa. A ƙasa ta rubuta: Baba, wane ne wannan?

Ai kuwa bakin da ya mutu sai ya tashi. Ya danna ya yi ta zuba, ya faɗi sunan tsuntsun, ya faɗi abin da yake ci da inda yake sheƙa, ya ce mamanki ba ta son shi don yana zubar mata da ruwan da take sawa a taga, daga nan ya zarce labarin ranar da ta kore shi da tsintsiya ta fasa gilashi. Auta ta aiko da fuskar dariya. Bayan 'yan kwanaki wani saƙon ya sake shigowa, da tambaya iri ɗaya. Haka abin ya zauna musu. Ita ta aiko tsuntsu, shi ya mayar da hira, kuma duk abin da ya kasa faɗa mata kai tsaye yakan samu reshen da zai rataya shi.

Shi ya sa da kunnen ya fara gardama bai tunkari likita ba, Tela ya tunkara. In saƙo ya shigo sai ya sauka shago, ya jira mai karɓar ɗinki ya fita, ya tura ƙofa, ya miƙa wayar. Tela ya tsayar da keken ɗinki ya kara ta a kunne, ya runtse ido kamar mai jin ciwon haƙori, sannan ya kwaikwayi abin da ya ji da wannan katuwar murya tasa. Kai, abin ba kyan ji. Babu tsuntsun da Allah ya halitta da zai yarda nasa ne. Amma muryar Tela tana ƙasa, inda kunnen Baba Kunne yake kaiwa, kuma ko ya ɓata daɗin ba ya ɓata tsarin, inda aka ja da inda aka yanke da inda aka maimaita. Baba Kunne ya ce sake yi, Tela ya sake, ya tambaye shi ƙarshen hawa yake ko sauka, Tela ya ce kamar almakashi ne a kan yadi mai kauri. Shi ke nan, an gane. Ya hau sama ya zauna ya aika amsarsa kamar shi ya ji.

Ba sau ɗaya ba Tela ya ce masa ya daina wannan wahala, ya gaya wa yarinya gaskiya, ita da ke cikin magunguna ma ta fi kowa sanin inda za a kai shi. Baba Kunne yakan share zancen. Ranar da Tela ya matsa, ya tsaya da hannunsa a kan ƙofa, bai juyo ba.

"In na gaya mata, me za ta riƙa aiko mini?"

Tela ya mayar da ƙafarsa kan keke, bai ƙara tayar da maganar ba.

Sai hutun makaranta ya zo, benen ya fara zubewa. Kullum da safe ana jan akwati a matakala, ana kiran yaro ya koma ya ɗauko takalminsa. Malama ta tafi wurin 'yarta da ke kusa da wani tafki, guruf ya cika da hotunan agwagin ruwa da jikoki jiƙe sharkaf. Mai kantin kusurwa ya aiko hoton motarsu ta mutu a hanya, iyalinsa zaune a gefen titi suna cin biskit, ya tambaya ko tsuntsun da ke kan alamar hanya na kirki ne. Wani ya ce ungulu ce, ku yi ta kanku. Baba Kunne yana karantawa yana murmushi shi kaɗai a benci. Daga ƙarshe Tela ma ya sa kwaɗo a shago ya tafi ganin ɗansa, yana cewa in saƙo ya zo a turo masa, ko a ina yake zai yi kukan.

Shi bai je ko'ina ba, don Auta ta ce wataƙila a wannan hutun ta samu a sake ta ta zo. Wataƙila ta ce, amma shi bai ji wannan kalmar ba, kuma ba laifin kunne ba ne. Ya share ɗakinta, ya fitar da katifa ta sha rana, ya sa Tela ya ɗinka sabon labule kafin ya tafi, shuɗi mai ɗigo-ɗigo. Kowace safiya in ya zuba ruwa a tsohon murfin tukunyar da marigayiya ke ajiye wa tsuntsaye a taga, sai ya leƙa ɗakin ya gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Wata rana da tsakar rana saƙo ya shigo. Wannan karon ba rubutu a ƙasa, murya ce kawai, kuma ta fi na kullum tsawo. Ya kara a kunnen dama, ya mayar hagu. Ya rufe taga, ya kashe fanka, ya sa wayar cikin kwanon silba don ƙarar ta taru, ya sunkuya a kai. Yana jin wani gurnani a ƙasa-ƙasa mai ɗaukewa yana dawowa. Yana jin an ajiye wani abu kamar cokali. Yana jin numfashi, an ja shi an riƙe, an sake. Tsuntsun kuwa yana can sama inda ba ya kaiwa. Ya tura wa Tela, saƙon ya tsaya bai shiga ba. Ya kira, aka ce wayar a kashe take. Ya buɗe guruf ya dubi sunayen, ya rufe. Ba zai kai saƙon 'yarsa kasuwa ba, balle a ce Baba Kunne yana tambayar sunan tsuntsu.

Ya yi niyyar jira, wallahi ya yi. Amma bai taɓa barin saƙonta ya wuni ba amsa ba, kuma tsoro ya kama shi kada ta ga shiru ta ɗauka ya gaji. Sai ya koma ga sana'arsa ta da. Gurnanin nan ya san shi, firji ne, kuma injinsa ya fara gajiya. In akwai firji, a cikin gida ake. Tsuntsun da ke kuka cikin gida na keji ne. Na keji mai dogon kuka har a ɗauke shi tsawon haka, ai ba sai an faɗa ba. Ya gyara murya ya danna.

Ya ce kanari ne, kuma namiji, don macen ba ta jan waƙa haka. Ya ce lafiyayye ne, daga jin ƙarshen kukan ba ya cikin damuwa. Ya ce in nata ne kada ta ajiye shi kusa da murhu, in na maƙwabta ne ta gaya musu. Ya ba ta labarin wani abokin aikinsa da ya taɓa kiwon kanari a ɗakin masu gadi. A ƙarshe ya ce, af, firjinki ma a kira mai gyara ya duba shi kafin ki taho, kada ki dawo ki tarar ya tsaya.

Alama ta nuna ta saurara. Fuskar dariya ba ta zo ba. Washegari ma ba ta zo ba. Ya yi ta ɗaga wayar yana dubawa har ya fara zargin ko ita ma wayar kunnenta ya mutu, ya kira mai kantin kusurwa don kawai ya tabbatar tana aiki.

Yana zuba ruwa a murfin tukunya wata safiya wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Auta ce, kira ne ba saƙo ba. Suka gaisa kamar kullum, lafiya, ya aiki. Sai ta ce:

"Baba, babu kanari."

Ya ce na'am?

"Ni kaɗai ce a kicin. Ko taga ban buɗe ba."

Kujerar da ta fi kusa ita ce ta marigayiya, wadda ba ya zama a kai, a kanta ya zauna da butar ruwan a hannu. Auta ta tambaye shi tun yaushe, muryarta ba faɗa a ciki, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ya faɗa mata, a gajarce, har da tsattsewa, har da Tela da rufe ƙofar shago. Da ta ji Tela ne ke kukan sai dariya ta kufce mata, ta tsaya a tsakiya kamar an yanke. Ta ce ranar ba tsuntsu ta tashi ɗauka ba. Ta danna ne don ta gaya masa an hana ta hutun, abokiyar aikinta ta haihu babu mai riƙe wurin. Ta tsaya da wayar a baki maganar ta ƙi fitowa, tana tunanin yadda zai ji, har yatsanta ya zame saƙon ya tafi haka nan.

Daga inda yake zaune yana hango labulen ta ƙofar ɗakinta. Ya ce ba komai, ai aiki ne, Allah ya kai mu wani hutun. Ta ce dole ya je a duba kunnen, za ta turo masa sunan wurin da zai je. Ya ce to. Ta ce firjin kuwa da gaske ne, jiya ya tsaya. Ya ce ai ya ji. Daga nan suka tsaya kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa kamar da, har ya ce Allah ya yi albarka, ta ce amin.

Abin da ya ji tsoro ya faru, kuma da hannunsa ya jawo shi. Ba zuwa, ba saƙo. Me za ta aika wa mutumin da ba ya ji? Kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da sauka benci da kofin shayinsa don ba shi da wani wurin zuwa. Yana ganin gwara suna buɗe baki a reshe suna rufewa. Kewar 'yarsa ta haɗu da kewar matarsa har ya kasa raba su, ya zauna da su haka nan.

A hankali benen ya sake cika. Malama ta dawo ta yi baƙi, da labarin wani zalɓe da ya tsaya da ƙafa ɗaya tun safe har ta gaji ta bar shi. Mai kanti ya dawo a motar haya. Tela ya dawo yana zagin garin ɗansa, wai ko bishiya babu, kuma sai an hau tudu ake samun sabis na waya. Da suka keɓe Baba Kunne ya gaya masa abin da ya faru. Tela ya buɗe baki zai ce ai na faɗa maka, ya ga fuskar abokinsa, ya ce labulen dai ya yi kyau ko?

Suna zaune wata safiya, ana musu kan ko hasbiyoyin bana sun fi na bara ƙiba, wayar ta motsa a aljihunsa. Saƙon murya, daga Auta. Hannu ya riga tunani, ya miƙa wa Tela kamar yadda ya saba, ta ƙarƙashin benci. Tela ya kara a kunne ya runtse ido. Sai idon ya buɗe. Kumatunsa suka fara rawa, ya toshe baki, kafaɗunsa na girgiza, ya mayar masa da wayar.

"Karɓi abinka. An kore ni daga aiki."

Baba Kunne ya kara a kunnen dama. Muryar Auta ce, kusa sosai, tana haki kaɗan kamar mai tafiya. Ta ce Baba kada ka yi dariya. Ta ce suna nan da yawa a kan wayar lantarki a bakin wurin aikinta, ƙanana, wutsiyarsu a rabe, ga abin da suke cewa. Sai Auta, babbar mace mai farar riga, wadda mutane ke layi a gabanta da takardar likita, ta tsaya a bakin titi ta yi cirrr, cwit-cwit, cirrr, da muryar da ta saukar ƙasa da gangan. Ta fi Tela muni. Ta gwada na biyu dariya ta ƙwace mata, wani mai wucewa ya tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, da babana nake magana. Daga nan ta manta da tsuntsun. Ta ce an yi ruwa da asuba takalminta ya jiƙe, ta ce jaririyar abokiyar aikin nata ta fito da gashi cunkus, ta ce mai gyaran firji ya zo ya faɗi abin da Baba ya faɗa sak. Tun rasuwar uwarta bai ji muryarta ta yi tsawon haka ba. Dariyar kuwa ta uwar ce, har inda take sarƙewa a ƙarshe.

Tun cirrr na farko ya san ko su wane ne. Suna nan ma a saman rufin benen a lokacin, suna shawagi, bakinsu a buɗe.

Malama ta sauke madubinta ta ce wane ne aka aiko yau? Ya goge idonsa da bayan hannu, ya gyara murya, ya danna.

"Auta, ban kama shi da kyau ba. Sake yi mini, a hankali."

Tela ya dube shi, ya ɗaga kai ya dubi tsattsewar da ke sama, ya mayar da hankalinsa kan musun hasbiya. Baba Kunne ya ɗora wayar a gwiwarsa, fuskarta a sama, ya rufe ta da tafin hannu yadda zai ji in ta motsa.